Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Indiya: Dokar da Aka Kashe Dabholkar a Kanta Ta Maƙale a Jihohi

Masu girma 'yan Majalisar Dokokin Indiya, na majalisar wakilai ta Lok Sabha da na majalisar dattawa ta Rajya Sabha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da suka tura ku Delhi.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a Kano. A birnin Pune na jihar Maharashtra na koyi wannan sana'a, daga 2011 zuwa 2015, kuma rabin abin da ke jere a kantina yau daga masana'antunku ya fito. Ina magana da yawun ire-irena, tsofaffin ɗaliban da suka ci gishirin ƙasarku, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu can yanzu haka, da waɗanda suke sayar da gona ko fili su kai mara lafiya asibitocin Delhi da Chennai. Ba wanda ya zaɓe ni, hirarmu ce ta yau da kullum na tattara. Da Hausa na rubuta, domin ina so mutanena su karanta tare da ku. Mai fassara ba zai gagara ba. Mu ma shekara da shekaru muna juya fina-finanku zuwa Hausa, ba mu taɓa cewa mun gaji ba.

Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙo kuwa raɓa ne. Na kuma san laifi tudu ne. Ƙasata ba ta da bakin yi wa kowa gori a kan camfi: a nan ma ana dukan tsofaffi da sunan maita, a 2019 an kwance ɗaruruwan mutane daga mari a wani gida a Rigasa ta Kaduna, kuma a 2023 an yi ta far wa bayin Allah a Abuja da zargin sace mazakuta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga maganin wannan ciwo yana aiki a wata jiha taku da idona, sai na ga kun bar shi a can, ba ku raba wa sauran ƙasar ba.

Ran 20 ga Agusta 2013, da safe wajen ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, wasu mutum biyu a kan babur suka harbe Dakta Narendra Dabholkar a kan gadar da ke kusa da wurin bautar Omkareshwar, yana tattakin motsa jiki. Ina cikin garin a ranar. Ban san shi ba kafin nan, sai da na ga malamin da ke koya mana ilimin sinadarai ya shigo aji ya kasa magana. Washegari aka rufe kasuwanni. Daga baya na fahimci ko wane ne: likita ne da ya ajiye allura, ya kafa ƙungiyar yaƙi da camfi ta Maharashtra a 1989, ya yi shekaru yana hawa da sauka a ofisoshin gwamnati da daftarin doka guda a hannu. 'Yan ƙungiyarsa suna shiga ƙauyuka su kunna fitila da ruwa, su sa kafur mai ci da wuta a baki, sannan su bayyana wa jama'a dabarar, don kada gobe wani ya yi musu irin wannan siddabaru ya ce shi waliyyi ne. Sun ajiye ladan rupi miliyan 2 da dubu 100 ga duk wanda ya nuna abin al'ajabi a gaban masu bincike. Kuɗin suna nan.

Dokar da aka yi shekaru ana ja masa rai a kanta, cikin 'yan kwanaki bayan jininsa ya zuba gwamnatin jihar ta fitar da ita a matsayin dokar gaggawa, majalisar jihar ta tabbatar da ita a Disamba. Ihu bayan hari ne, amma dai ta fito. Ina roƙonku ku sake karanta ta, domin duk ƙorafina a kanta ya rataya. Laifuka goma sha biyu ta lissafa. Dukan mutum ko ɗaure shi ko ɗura masa ƙazanta da sunan cire aljani. Karɓar kuɗi da da'awar yin mu'ujiza. Nuna wata da yatsa a ce ita ce mayyar da ta kawo cuta. Hana wanda maciji ko kare ko kunama ya ciza zuwa asibiti a ce tofi zai wadatar. Cewa za a juya ɗan tayi daga mace zuwa namiji. Kwanciya da mace da alkawarin ba ta haihuwa ta hanyar wani sirri. Hukuncin daga wata shida ne zuwa shekara bakwai, da tara daga rupi 5,000 zuwa 50,000. Ba ta hana kowa addu'a ba, ba ta hana azumi ko ziyara ko kunna turare ba. Shi kansa Dabholkar ya sha nanata cewa babu inda daftarin ya ambaci Ubangiji ko addini.

Ni Musulmi ne mai salla, na yarda da gaibu, na yarda akwai aljanu, kuma idan ɗana ya yi zazzaɓi ina tofa masa addu'a kafin in ba shi magani. Ban ga wani layi a dokar nan da ya taɓa imanina ba. Abin da ta kama shi ne hannun da ya ɗaga bulala da hannun da ya shiga aljihun talaka.

Ga abin da na gani. Matar da nake haya a gidanta, wadda duk muke kira Maushi, wato inna da yaren Marathi, tana da jika 'yar shekara tara mai farfaɗiya. Likita ya ɗora ta a kan ƙwayoyi, faɗuwar ta yi sauƙi. Sai wata 'yar'uwa ta kai su wurin wani baba, wato boka mai da'awar waliyyantaka, a bayan gari, ya duba ya ce iska ce, kuma ƙwayoyin nan su ne abincin iskar, a daina. Aka daina. Aka sayar da warwaron zinare biyu. Ni da nake shekara ta uku a karatun magani na san abin da ke biyo bayan yanke irin wannan ƙwaya farat ɗaya, amma na yi shiru, na ce ni baƙo ne, kada a ce baƙar fata ya raina al'adar mutane. Har yau ina jin kunyar shirun nan. Bayan mako uku yarinyar ta faɗi a kicin, hannunta ya shiga tukunyar ruwan zafi. Wani malamin firamare maƙwabcinmu ne ya ɗauki kwafin sabuwar dokar ya raka kawun yarinyar ofishin 'yan sanda. A da, abin da za su ji shi ne wannan maganar addini ce, ku je ku sasanta. A ranar sai da aka buɗe littafi aka rubuta. Yarinyar ta koma kan maganinta. Maushi kuwa ko sau ɗaya ba ta fasa kunna 'yar fitilarta a gaban abin bautarta da asuba ba, kuma ba wanda ya ce ta fasa. Lemon tsami da barkono bakwai da take ratayawa a ƙofa duk Asabar suna nan, ba su cuci kowa ba, doka ma ba ta kula su ba.

Ƙorafina na farko ke nan: wannan kariya ta dogara da jihar da aka haifi mutum. Karnataka ta yi irin dokar a 2017, ba ta fara aiki ba sai 2020. Gujarat ta bi sahu a 2024. Sauran fa? A Oktoban 2022 aka tono gawarwakin mata biyu a ƙauyen Elanthoor na Kerala, an yanka su don neman arziki, a ɗaya daga cikin jihohin da suka fi yawan masu karatu, kuma a lokacin ba ta da doka irin ta Maharashtra. Boka ba ya buƙatar biza tsakanin jiha da jiha. Idan wuri ya yi masa zafi, jirgin ƙasa na dare ɗaya ya ishe shi. Kuna iya cewa aikin 'yan sanda na jihohi ne, haka ne, amma dokar manyan laifuka tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulkinku ya ba tarayya da jihohi ikon yi tare. Kun nuna kuna da wannan iko: kun ajiye kundin laifukan da Turawa suka bari tun 1860, kuka kawo sabo, ya fara aiki ran 1 ga Yuli 2024. Kun sa hukunci na musamman a kan kisan taron dangi, mun yaba. Amma ba ku buɗe babi a kan farautar mayu ko damfarar tsibbu ba.

Washegarin ranar da sabon kundin ya fara aiki, 2 ga Yuli, mutum 121 suka mutu a gundumar Hathras ta Uttar Pradesh, kusan dukkansu mata da yara. Taron wa'azin wani mai suna Bhole Baba ne, tsohon ɗan sanda. An ba da izinin mutum 80,000, kimanin 250,000 suka zo. Da ya tashi tafiya jama'a suka ruga ɗibar ƙasar da ya bi ta kai don tabarruki, aka zame a taɓo, aka tattake juna. An kama masu shirya taron. Sunan wanda aka taru dominsa bai fito a takardar ƙarar 'yan sanda ba. Ba ni ne alƙali ba, ban ce ga mai laifi ba. Amma a garinmu idan aka ga haka cewa ake an bar jaki ana dukan taiki.

Na biyu, matan da ake kira mayu. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin kamar a ƙauyenmu ake yi. Yaro ya yi rashin lafiya, ko saniya ta mutu, ko rijiya ta ƙafe. A kira ojha, bokan ƙauye, ya karkaɗa shinkafa a faifai ya ambaci suna. Sunan da zai ambata ba na matar mai gari ba ne. Na bazawara ne, ko tsohuwar da ba ta da ɗa namiji, ko wadda mijinta ya mutu ya bar mata 'yar gona da 'yan'uwansa ke haɗiyar yawu a kai, ko wadda ta ƙi wani mai ƙarfi. A Jharkhand da Bihar a ce mata dayan, a Chhattisgarh a ce tonhi. Daga nan sai aski, da tsirara a bainar jama'a, da ɗura kashi, da kora, wani lokaci kisa. Alƙaluman hukumarku ta tattara bayanan laifuka sun nuna an kashe fiye da mutum 2,500 da wannan zargi tsakanin 2000 da 2016. Waɗanda aka rubuta ke nan.

Jihohi sun yi dokoki: Bihar a 1999, Jharkhand a 2001, Chhattisgarh a 2005, Odisha a 2013, Rajasthan da Assam a 2015. Sai dai kowace da nata ma'auni. A dokar Bihar, wanda ya laƙaba wa mace maita hukuncinsa bai wuce wata uku ba ko tarar rupi 1,000, kuɗin da bai kai na akuya ba. A Assam laifin ba shi da beli kuma yana kai mutum shekara bakwai. Ashe mutuncin tsohuwar Bihar bai kai na tsohuwar Assam ba? A Yulin 2025, a gundumar Purnia ta Bihar ɗin nan mai doka tun 1999, an kashe mutum biyar 'yan gida ɗaya aka ƙone su, saboda an ce uwar gidan mayya ce. Wani ɗan majalisarku ya gabatar da ƙudurin hana farautar mayu a ƙasa baki ɗaya a 2016, ya mutu a kan tebur.

Abin mamaki, gwamnatinku ta san jaruman wannan fage. A 2021 ta ba Birubala Rabha ta Assam lambar girma ta Padma Shri, matar da boka ya ce ɗanta mai taɓin hankali zai mutu cikin kwanaki, bai mutu ba, daga nan ta shiga ƙauye-ƙauye tana ƙwato matan da aka yanke wa hukunci. A shekarar aka ba Chutni Mahato ta Jharkhand irin lambar, ita da kanta an taɓa kiranta mayya aka kore ta daga gidan miji. Dabholkar ma an ba shi a 2014, bayan mutuwarsa. Birubala ta rasu a 2024. Lambar girma abu ne mai kyau, amma ba ita suka roƙa ba.

Na uku, wanda ya yi tambaya shi ke kwana da ido ɗaya. Bayan Dabholkar an harbe Govind Pansare, ɗan gwagwarmaya mai yaƙi da camfi, a Kolhapur a Fabrairun 2015, dattijo mai shekara 81. A Agustan shekarar aka harbe Farfesa M. M. Kalburgi a ƙofar gidansa a Dharwad, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa kan waƙoƙin Basava, mai gyaran addini, da almajiransa na ƙarni na 12. A Satumban 2017 aka harbe 'yar jarida Gauri Lankesh a ƙofar gidanta a Bengaluru, binciken harsasai ya nuna bindiga ɗaya ce da ta Kalburgi. Shari'ar Dabholkar ta ci kusan shekara goma sha ɗaya. A Mayun 2024 kotu a Pune ta ɗaure mutum biyu rai da rai, ta sallami uku, alƙalin da kansa ya nuna cewa masu bincike ba su kai ga wanda ya kitsa abin ba. A Oktoban shekarar kuma aka ga wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma da kisan Gauri Lankesh sun fito beli, an tarbe su da furanni a wuya.

Ku ɗora wannan kusa da labarin Gurmeet Ram Rahim, shugaban wata ƙungiyar addini. Kotu ta same shi da laifin yi wa mabiyansa mata biyu fyaɗe a Agustan 2017, aka ba shi shekara ashirin, magoya bayansa suka tada tarzomar da ta ci fiye da rai talatin a Panchkula. Tun daga nan ana ba shi hutun fita daga kurkuku a kai a kai, har da wanda ya faɗo daf da zaɓen jihar Haryana a 2024. A shari'ar Asaram, wani mai wa'azin, wanda aka ɗaure rai da rai a 2018 kan fyaɗe ga yarinya, an kashe shaidu. Matashin da ke kallon wannan duka, me kuke so ya fahimta game da wanda ƙasa ke tsaya wa?

Ba laifin addini ɗaya ba ne, kada wani ya karanta ni a haka. A 2012 ruwa ya riƙa ɗiga daga ƙafar wani gicciye a unguwar Irla ta Mumbai, jama'a suna tara suna sha. Sanal Edamaruku, wani mai yaƙi da camfi, ya je ya duba, ya gano ruwan daga toshasshiyar magudana yake tsattsafowa ta bango. Maimakon a gode masa don ya hana mutane shan ruwan kwata, sai aka kai ƙararsa a ƙarƙashin sashe na 295A, na ɓata wa mabiya addini rai, wanda Turawan mulki suka kafa a 1927. Ya bar ƙasar zuwa Finland. Sashen nan yana cikin sabon kundinku, lamba kawai ya sauya ya koma 299. Ban zo neman a halatta zagin abin da wani ke girmamawa ba, ni ma ba zan so a zagi nawa ba. Amma wanda ya nuna bututun da ya fashe bai zagi kowa ba, ya kamata doka ta iya bambancewa.

Mu Musulmi ma da namu kason. Ran 6 ga Agusta 2001 gobara ta tashi a wata rumfar masu taɓin hankali kusa da hubbaren Erwadi a Tamil Nadu, mutum 28 suka ƙone, domin an ɗaure su da sarƙa ba su iya gudu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2017 ta haramta sarƙa, sai dai haramtawa a takarda daban, zuwa a duba daban. A nan ne kuma na ga dabarar da ta fi burge ni a ƙasarku. A hubbaren Mira Datar na Gujarat an buɗe ɗakin likitan ƙwaƙwalwa a cikin harabar, aka kira shirin Dawa da Dua, wato magani da addu'a. Masu hidimar hubbaren su ne ke tura mara lafiya wurin likita bayan sun yi masa addu'a. Ba a rushe komai ba, ba a ce wa kowa jahili ba. Haka kuka yi da cutar shan inna: lokacin da jita-jita ta bazu a Uttar Pradesh cewa ɗigon rigakafin yana hana haihuwa, irin wadda ta tsayar da mu a Kano a 2003, malamai da limamai da jami'ar Aligarh kuka jawo, aka yi ta bayani a masallatai. Yaro na ƙarshe ya kamu a Janairun 2011, aka wanke ku a 2014, mu sai 2020. Kun riga kun san mai addini abokin aiki ne a wannan yaƙi.

Na huɗu ya shafi sana'ata kai tsaye. Kuna da dokar hana tallan magungunan surkulle tun 1954, ta lissafa cututtuka 54 da ba a yarda wani ya yi tallan yana warkar da su ba, har da ciwon suga da ciwon daji da farfaɗiya. Hukuncin karon farko bai wuce wata shida ba, kuma an rubuta ta ne lokacin da babu talabijin a gidaje, balle YouTube. A Yunin 2020, duniya tana fama da korona, kamfanin Patanjali ya fito da Coronil ya ce magani ne. Sai a 2024 Kotun Ƙoli ta tsayar da shugabanninsa suka nemi afuwa a jaridu kan tallace-tallacen yaudara. Ba na raina maganin gargajiya, kakata da saiwa ta raine ni. Amma irin wannan talla ba ta tsayawa a bakin iyakarku. Ana aiko mana da ita a waya, an ɗora mata muryar Hausa, sai mai ciwon suga ya shigo kantina ya ce ya ajiye allurarsa domin ya samo garin magani daga Indiya. Sunan ƙasarku da ke sa mutane su amince da kwalin maganin hawan jini, shi ne ke sa su amince da wannan ma. Ga cizon maciji kuma: wani babban bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta mutum 58,000 ke mutuwa da shi duk shekara a Indiya, a ƙasar da ke sarrafa maganin dafin da kanta. Sa'o'in da ake ɓatawa a gaban mai tofi suna cikin dalilan.

Na biyar gajere ne, amma shi ne ya ba mu haƙƙin sa baki. A Maris 2017 wani matashi ya ɓace a Greater Noida, kusa da Delhi. Maƙwabta suka kutsa gidan wasu ɗalibai 'yan Nijeriya, har firjinsu suka buɗe, domin an ce baƙaƙe suna cin mutane. Yaron ya dawo gida, daga baya ya rasu, 'yan sanda suka kama ɗaliban suka sake su don babu hujja. Duk da haka aka bi 'yan Afirka da duka har cikin wani babban kanti, da kujeru da kwandunan shara. Jakadun Afirka a Delhi sun fitar da sanarwar Allah wadai. Zuciyar da ta yarda tsohuwa tana cin kurwa, ita ce ta yarda ɗan Nijeriya yana ajiye mutum a firji. Ita ce kuma ta kashe mutum biyar a ƙauyen Rainpada na Dhule a Yulin 2018 kan saƙon WhatsApp na satar yara. Duk uban da ɗansa ke Noida ko Bengaluru yana da ruwa da tsaki a wannan magana.

Masu girma, ba baƙon tunani nake kawo muku ba. Sashe na 51A na tsarin mulkinku, wanda aka ƙara a 1976, ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin raya ɗabi'ar kimiyya da jinƙai da son bincike da gyara. Sashe na 25 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma ce 'yancin yana ƙarƙashin zaman lafiya da tarbiyya da lafiyar jama'a. Ƙasar Buddha ce da mawaƙan ibada Kabir da Tukaram, ƙasar Ram Mohan Roy da ya tsaya har aka hana ƙona matar mamaci a 1829, ƙasar Savitribai Phule da ta buɗe wa 'yan mata makaranta a Pune a 1848 ana jifarta da kashin shanu a hanya. Jami'ar garin yau sunanta take ɗauke da shi. Yawancin waɗannan mutane masu ibada ne. Kuma ƙasar ce ta sauke na'ura kusa da kudancin wata ran 23 ga Agusta 2023, muka kalla a waya a nan Kano muna ta murna kamar namu ne.

Ga abin da muke roƙo. Ku ɗauki dokar Maharashtra, ku haɗa ta da tsananin dokar Assam, ku yi doka ɗaya ta ƙasa, wadda za ta kama aikin cutarwa ko daga wane addini mai yinsa ya fito, baba ne ko pir, wato shehin Musulmi, ko fasto. Ku sa a cikinta cewa wanda ya ambaci sunan mace a matsayin mayya yana da kaso a duk abin da ya same ta, kuma gonar da aka kore ta a kai a mayar mata, domin galibi gonar ce asalin maitar. Ku ware kuɗin mafaka da kariyar shaidu. Dokar Maharashtra ta tanadi jami'in sa ido a ofisoshin 'yan sanda, ku sa wannan ya zama wajibi a ko'ina, a kuma horar da su, kada a bar shi suna a allo.

Ku gyara sashe na 299 ta yadda bayanin gaskiya a kan wani abin da ake kira mu'ujiza ba zai zama laifi ba. Ku sabunta dokar 1954 ta kai ga intanet, hukuncinta ya yi daidai da ribar da ake ci, ta kuma shafi abin da ake fitarwa zuwa ƙasashenmu. Ku sa doka ta ɗora wa wanda aka taru dominsa alhakin lafiyar taron, ba yaransa kaɗai ba. Ku faɗaɗa shirin magani da addu'a zuwa duk hubbare da wurin bautar da ake kai masu taɓin hankali. Ku tambayi hukumar bincike ta tarayya, a zauren majalisa kuma a gaban jama'a, inda aka kwana kan waɗanda suka ba da umarnin kisan mutum huɗun nan. Ƙungiyoyin kimiyya sun riga sun mayar da 20 ga Agusta ranar ɗabi'ar kimiyya, ku amince da ita a hukumance, a riƙa kai irin wasan fitila da ruwan nan makarantun firamare.

Akwai kuma roƙo ɗaya da ya shafe mu mu kaɗai. Idan kun yi dokar, ku sa ofishin jakadancinku a Abuja ya aika wa majalisun jihohinmu kwafi. Ni na ɗauki alkawarin juya ta zuwa Hausa kyauta.

Jikar Maushi ta gama sakandare, tana karatun aikin jinya. Tabon yana nan a hannunta na dama. Kawunta ya turo mini hotonta a bikin Diwali da ya wuce, ya ce kakar tana tambaya ko har yanzu ina shan shayi ba sukari.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Tsohon ɗalibi a Pune, daga Kano.